Gadon Kawu Manzo

Kawu Manzo bai bar mini gona ba,
sai abin ji na kunne, kask suke ce masa a gidan rediyo,
baƙi, mai nauyin akushi,
fatarsa ta sha zufar shekara talatin.
Da faifai guda, an rubuta masa da shuɗin biro:
Tsahara, Birni, ranar suna.
Tsahara ce ta haife ni. Sunan kuwa nawa ne.

Na aro na'urar maƙwabci, na jona,
sai kukan sauro a cikin tulu.
Dama Kawu ya sha faɗa:
wannan bijimi ne, yaro, ba ɗan akuya ba,
ba kowace igiya ke jan sa ba.

Ran Alhamis na hau kabu-kabu, kask a wuya,
har Kasuwar Dole.
Samari masu waya suna ƙyafta ido:
faifai, Baba, a wannan zamani?
Na wuce su, na bi warin dalma
zuwa rumfar Isuhu mai gyara,
inda matattun rediyoyi ke jiran tashin ƙiyama.

Ta fari siririya ce, tana ƙyalli kamar sabon kwano.
Na murɗa ta har maƙura.
Muryar na can ƙasan rijiya,
ina hango ruwan, guga ya kasa kaiwa.

Ta biyu akwai baki.
Ta daka mini tsawa, ta fasa gangar,
ta mai da guɗar mata ƙanƙara bisa kwanon ɗaki,
ina ɗaga ƙafa ta yi tuntuɓe, ta koma farko.
Na ce: Isuhu, ihu daban, magana daban.
Ya ce: kai kam ka zo da rigima.

Ya duƙa ƙarƙashin tebur, ya daɗe,
ya fito da wata tsohuwa, kakkaura,
an ɗaure murfinta da robar taya.
Ya ce: ba kyau, ba haske,
pil huɗu take ci, cin gara,
shekara uku ba wanda ya taya.

Na busa ƙurar. Na rufe kunnuwa. Na danna.

Ko rabi ban murɗa ba
kasuwa ta ɗauke ƙafa.
Ga Tsahara nan daf da ni, har jan numfashinta,
har ɗan karkarwar da muryarta ke yi in za ta hau sama.
A bayanta lugude, taɓarya uku,
ina jin bugun a ƙirji kafin kunne.
Wata ta tsoma moɗa a randa.
Wani jariri ya tsala kuka, bai san ina jin sa ba.

Sai can ƙasa, ƙasa da ganga,
inda sauran na'urori suka ga duhu suka juya,
wani namiji ya yi gyaran murya,
ya ce: a kawo shi nan, rana ta yi masa yawa.
Ya yi 'yar dariya.

Ina wata biyar ya rasu.
Hotonsa kawai na sani, da hularsa.

Isuhu na taɓa ni, bakinsa na motsi.
Na zare kunne guda. Jika bakwai, ya ce,
ya gyara zama yana jiran in taya.
Na ƙirga masa bakwai.
Har ya ɗan ji haushi.

Yanzu in an ɗauke wuta da magariba
nakan hau duwatsun bayan gida,
na'ura a cinya, kada ta girgiza.
Pil ya yi tsada, ba na jin faifan duka.
Minti na tara nake nema,
in tsaya, in koma baya,
in bari a sake kai ni inuwa.