Safar Hannun Anselmo

A 'Yar Kutungu na same su,
can ƙasan dilar gwanjo, cikin rigunan sanyi.
Na taya ɗari da hamsin, Iro ya ce albarka,
na ƙara ashirin, ya sallama.

A cikin ta hagu an yi rubutu da baƙin biro:
Anselmo, sha uku.
Koci Bishir, wanda ba ya barci sai ya ji wasan Sifen a rediyo,
ya jujjuya ta, ya ce, "Sunan mutanen can ne.
Sha uku kuwa lambar mai jira ce,
golan da ke ɗumama benci har na ɗaya ya karye."

Babban yatsan ta dama ya riga ya suɗe.
Na ce, to, ashe an taɓa sa ka.

Da su na tsare wa Taurarin Rafindaɗi raga shekara uku,
in ragar ce za a kira ta,
gora biyu da igiyar shanya.
Guguwar Ƙofar Sauri suka saye ni da takalmi da buhun shinkafa,
unguwarmu aka daina amsa mini sallama har bayan Sallah.
Daga nan aka ba da ni aro Jibiya,
inda ƙasa ke cinye gwiwa kamar kaushi,
albashi kuma sai an tuna.

Kai fa, Anselmo?
Wane gari aka tura ka aro?
Na ba ka ƙaramin kulob a bakin teku,
fili mai ciyawa, ruwan sama ba fashi,
ɗaki guda a saman shagon mai burodi.
Na ba ka daren da golan farko ya dafe cinya,
koci ya waiwayo yana neman sunanka a takarda.
Ban san ko haka aka yi ba.
Ni dai haka aka yi mini, a Karkanda,
wasan kusa da na ƙarshe, ana kiran la'asar.

Fenariti. Ɗan Funtuwa mai ƙafar hagu.
Ya dubi dama, ni na dubi ƙugunsa,
don ido yana ƙarya, ƙugu bai iya ba.
Na faɗi, ƙwallo ta daki tafin hannunka,
ta karya mini ƙaramin yatsa.
Mutum dubu suka kira "Sada! Sada!"
Ni kaɗai na san mu biyu ne muka kama.

Wasan ƙarshe aka zura mini huɗu.
Ta ukun tsakanin ƙafafuna ta bi.
Har yau in na je ɗaurin aure Ƙofar Ƙaura
sai an sami mai tuna mini ita;
ta Karkanda kuwa sai ni da yatsana.

An kawo yaro daga Maraɗi, dogo kamar giginya,
aka miƙo mini riga, na juya bayanta:
sha uku.
Na yi dariya har Koci ya ɗauka zautuwa ce.
Kaka biyu na zauna ina riƙon gorar ruwa,
ina tafa wa wanda ya gaje ni da raina.

Yanzu faci nake a bakin Ƙofar Marusa.
Ta dama nake sawa in ɗauki ƙarfen gashi,
ta ƙone, ta yi baƙi, tana warin roba.
Ta hagu tana cikin akwatin bawul,
sunanka ya koɗe, saura An da rabin uku.

Jiya Mannir, autana, ya zaro ta,
ya zura hannu har gwiwa,
ya tsaya tsakanin tayoyi biyu
ya ce in bugo.

Na ce masa ya nemi gaba, can ake suna.
Ya ce in dai bugo.