Mai Yankan Mabuɗi a Kusiri

Rumfata na bakin kasuwar Kusiri,
tsakanin mai gyaran agogo da mai suyar kifi.
Shekara talatin ina goga ƙarfe,
ina fidda wa mabuɗi haƙora.
Rediyon da na gada wurin babana
na rataye a ƙusa, an ɗaure cikinta da roba.
Tun ina yaro take kiran suna biyu:
Isra'ila, Falasɗinu.
Batir ya mutu ya fi a ƙirga,
labarin bai mutu ba.

Da can jin sa nake kamar tsawa a wani gari,
in ce Allah ya kyauta, in koma kan magagari.

Sai shekarar da ruwa ya ja baya.
Masunta suka haƙa ramukan tare kifi,
shanun makiyaya suka zo sha, suka rufta.
Kafin a ce kwabo, rugage da ƙauyuka sun zama toka.
Gadar Ngeli ta cika da ƙafafu,
tabarmi a ka, goyo a baya,
ana tsallakawa Injamena ba waiwaye.

Da wuta ta mutu, wata Laraba,
Zigla masunci ya tsaya a gabana,
ya kwance mabuɗi daga igiyar wuyansa.
Ya ce, yanka mini uku.
Na ce, ina kwaɗon? Ya ce, ya narke.
Ƙofar fa?
Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.
Ya ce, 'ya'yana uku ne, kowa ya riƙe nasa.
Na yanka. Ban iya kallon kuɗinsa ba.

Ran Asabar sai ga Ashta, matar Annur mai shanu,
da ɗan mabuɗi ƙulle a bakin mayafi,
na akwatin da ta bari inda ba ta komawa.
Rigar ɗanta na ciki, in ji ta.
Ba ta ce a yanka ba.
Tsatsa kawai take so in goge.

A daren nan rediyo ta kawo wata tsohuwa daga Gaza,
tana lissafa zaitun ɗin kakanta, itace bayan itace,
mabuɗin gidan na hannunta, gidan babu.
Daga baya wani mutum na ɗaya ɓangaren,
ya ce kakarsa ma da mabuɗi ta ƙetare teku,
yau shi ke kulle ɗakin 'yarsa da ba ta dawo ba.
Na rage murya. Hannuna na rawa.

Da safe Bukar mai agogo ya ce, kada ka haɗa su!
Wani da jirgin sama, wani da dutse,
ina aka taɓa awo haka?
Na ce, gaskiyarka, mudun bai zo ɗaya ba,
kaburburan ma ba su zo ɗaya ba.
Amma ni ba alƙali ba ne, Bukar.
Abin da na sani bai wuce tafin hannu ba:
kwaɗo ɗaya kan yarda da mabuɗi biyu
in an yanka su da haƙuri.
Ya ce, in ƙofar na nan.
Na yi shiru. Ya fi ni.

Jiya Zigla ya dawo, ƙaraminsa ya yar da nasa a kogi.
Ya tarar da Ashta zaune a bencina.
Ba sallama, ba amsa.
Ta dai matsa kaɗan,
bai zauna ba.
Bai kuma tafi ba.

Da magariba na share rumfa.
Garin ƙarfen da ya zuba daga nasa da nata
ya gauraye a ƙasa, yana walƙiya,
ban san na wane ne na wane ba.
Na tattara a gwangwanin madara.
Rediyo ta soma shaƙewa.
Gobe sai na sayi batir.