Gudun da Aka Yi Maganar

A rumfata ta caji, bakin tashar Jega,
waya arba'in ke shan wuta kan katako ɗaya
kamar awaki a kwami.
Tawa ce ta arba'in da ɗaya,
kuma ta fi su ƙishirwa.

Na saba, in saƙon murya ya shigo,
sai in taɓa ɗan maɓallin nan na gefe,
ɗaya ya koma biyu,
kowa ya zama ɗan tsako a kunnena.
Dantani mai albasa, tsako.
Limamin unguwarmu, Allah ya yafe mini, tsako.
Inna Ige ma, daga Dakingari,
minti huɗunta nakan haɗiye a biyu,
in tura mata hoton babban yatsa,
in ci gaba da ba da canji.

Ranar Talata janareta ya ƙi tashi.
Ina zaune, hannu duk baƙin mai,
na ce wa kaina: Gado, gwada wani abu mana.
Kwana bakwai,
kowa a ji shi da gudun da ya yi maganarsa.

Kwanan farko azaba ce.
Dantani ya gaishe ni, ya gaida gida, ya gaida gajiya,
ya gaida ruwan da bai ma sauka ba,
can ƙarshe ya tambayi dubu ukunsa.
Yatsana na ƙaiƙayi kamar mai ƙazwa.
Na zauna a kansa.

Washegari na ƙara wa kaina doka:
wanda ya aiko murya, murya zan mayar masa.
Da na saurari tawa sai na ji baƙo,
siriri, mai gaggawa,
kamar ɗan kamasho yana kiran Sakkwato saura mutum ɗaya.
Na goge. Na sake. Na goge.
Ashe na manta yadda ake gaisuwa a zaune.

Ranar Juma'a ta Inna ta shigo,
minti biyar da 'yan kai.
Na juya wa masu karɓar waya baya.
"Gado, ka jiya?"
Maganar ba sabuwa ba ce:
tsadar gero, tunkiyar da ta haifi biyu,
sunan jikar Nomau ran Lahadi.
Amma tsakanin kalma da kalma akwai wani fili
da ban taɓa takawa ba.
Zakara can bayanta. Kwano ya faɗi.
Sannan numfashi,
ja ɗaya mai nauyi
kamar guga daga rijiya gaba ashirin,
sai tari, wanda ta lulluɓe da dariya.

Na gangara baya cikin tsofaffin saƙonni,
na watan jiya, na bayan salla.
Tarin yana nan.
Tun kaka yake zaune bakin hanya yana ɗaga mini hannu,
ni kuwa ina wucewa kamar motar da ta cika.

Asabar na bar rumfa hannun yarona Jabbo.
A asibiti suka ce ba a makara ba,
suka rubuta magani mai tsawon suna.
Muna dawowa bisa babur ta ce,
"Wai wa ya gaya maka?"
Na ce, ke.
Ta ce, "Ni? Yaushe?"
Iska ta kwashe amsar, na bar mata.

Kwana bakwai sun cika, ba zan yi ƙarya ba,
Dantani ya koma tsako,
ƙungiyar masu caji ma haka,
mutum sittin ana gardamar kuɗin fetur.
Matsalar ita ce wayar ba ta san Inna ba.
Inda ka bar maɓallin, nan za ka same shi.
Don haka duk safiya, kafin in buɗe nata,
sai in goge hannu a riga,
in mayar da biyu ɗaya,
in ce wa na gabana ya ɗan jira.