Gwiwar Jirgi

Asubar Litinin a Cochrane, ƙanƙara ta kama bakin tafki.
Muka ja ƙofar rumfa, ta yi kukanta na kullum.
Ga jirgin Griselda ya karkace hagu,
fiffike ɗaya na neman ƙasa
kamar tsohon da ya sunkuya ya manta abin da zai ɗauka.
Gefen taya, jan mai ya kwanta, faɗin tafin hannu.

Don Erasmo bai durƙusa ba.
Shekara biyu ke nan gwiwarsa ta juya masa baya.
Ya jawo kujerar katako, ya tsiyaya ruwan zafi kan mate,
ya ce, "Ninoska, yau ƙasa taki ce."

Na kafa jak, na ɗaga har taya ta bar siminti.
"Iska tukuna," in ji shi. Na sani.
Na san kuma tabon da ke haɓarsa,
inda bawul ya tashi kamar harsashi
a shekarar da bai iya jira ba.
Na danna a hankali. Ƙafar ta saki numfashi,
dogo, mai warin mai,
har ta yi shiru.

Zoben roba ne. Kusan kullum shi ne.
Abin da bai kai awarwaron jariri ba,
sanyin dare ya tsuke shi, ya tsage gefe guda,
jirgin mutum huɗu ya durƙusa dominsa.
Na shafe sabo da mai, na zaunar da shi da yatsa,
ban bar farce ya taɓa shi ba.

Sai tiyo, sai kwalba, sai mai ja kamar jinin rago.
Tura ƙafa sama, sake ta ƙasa,
sama, ƙasa,
kumfa na bin tiyo ɗaya bayan ɗaya
kamar tumaki a ƙofar shinge.
Sau goma sha ɗaya. Kafaɗata ta ce ya isa.
Tsoho ya ce kwalba ce ke da ta cewa, ba kafaɗa ba.
Na ƙara uku. Kumfa ta ɗauke.

Na mayar da bawul, na buɗe tukunyar naitirojin kaɗan kaɗan.
Na sauke jak. Na kama fiffike na girgiza,
jirgi ya gyara tsayuwa kamar mai tashi daga jinya.
Farin ƙarfe ya leƙo daga kubensa, yana sheƙi.

Shekara talatin yana awo da yatsa huɗu.
Na ɗora nawa huɗun, suka bar fili.
Muka dubi hannuna, muka dubi nasa.
Ya yi dariya har mate ya zube masa a wando,
ya laluba aljihu, ya miƙo mini rula
da shafin littafin da ya yi baƙi don taɓawa.
"Yatsuna za su tafi tare da ni," ya ce. "Ki bi wannan."

Na goge ƙarfen da tsumma mai tsabta.
Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta mayar da mu farko.

Ƙarfe goma Griselda ta tashi,
da buhun wasiƙu da maganin tumaki,
za ta dawo da makiyayin da doki ya karya.
Yara a bakin waya suna kallon fukafukai.
Kowa fukafukai yake kallo.
Tashi ai iska ce ke yi maka rabi,
sauka kuwa kai da tsakuwa ne,
da abin da wani ya zuba maka a gwiwa.

La'asar sakaliya na ji ta tun daga bayan dutse.
Ban kalli sama ba. Taya nake jira.
Ta taɓa, ƙafa ta haɗiye bugun, ta miƙe.

Griselda ta sauko tana cire safar hannu,
ta yi zancen iska, ta yi zancen tsadar fetur,
ba ta ce komai kan sauka ba.
A kujerar baya makiyayin na ta barci,
ƙafarsa ɗaure tsakanin katako biyu.

Don Erasmo ya turo mini littafin jirgi.
Alƙalamin ya daskare.
Na hura masa numfashi, na rubuta sunana.