Gawa Ta Ƙi Rami

A hawa na uku, bisa tudun Valparaíso,
inda gidaje ke riƙe da juna don tsoron gangarawa,
nake zuba tawada a fitowa ta sha tara.
Evaristo ne mai labari. Ya aiko da 'yar takarda:
"Shafi na shida, dodo ya fito daga teku.
Leontina, ki munana shi iya munanawa."

Na munana shi.
Haƙarƙari kamar kwalekwalen da aka yasar,
gishiri ya yi masa ɓawo a kafaɗu,
ƙananan kaguwa na shiga ta kunne suna fita ta ido.
Shekara arba'in a ƙarƙashin tashar jiragen ruwa,
sarƙar anga ɗaure a ƙugu.
Mai Gishiri sunansa. Ba numfashi, ba barci.

Jarumarmu Tsattsewa, mai shuɗin mayafi,
ta iya tare jirgin ƙasa da ƙirji,
ta iya cafe harsashi kamar mai kama ƙuda.
To, me za ka yi wa wanda mutuwa ta riga ta gama da shi?
Ta naushe shi a shafi na tara, ƙasusuwa suka watse.
A na goma suka sake haɗuwa
kamar 'yan kasuwa bayan ruwa ya ɗauke.

Sai a shafi na sha huɗu na lura da hannun.
Babban yatsa gajere, farce a tsage,
tabon ƙugiya a tafin hagu.
Ban yi niyya ba, alƙalami ne ya tuna.
Hannun Baldomero ne, mahaifina,
da ya fita su ranar wata Talata ina 'yar shekara tara.
Rigarsa da hularsa muka binne.
Akwatin ba nauyi,
mutum huɗu suka ɗauka suna sunkuyar da kai,
suna tafiya a hankali don kada a gane.

Na dafa shayi, ya huce ban sha ba.
Can ƙasa injin ɗaga kaya na ta kuka,
karnukan unguwa na amsa masa.

Labari ya ce: Tsattsewa ta naɗe shi da sarƙarsa,
ta wurga shi inda teku ba ta da gindi. Ƙarshe.
A bakinsa an tanadi gurbin magana
cike da gurnani, manyan baƙaƙe.
Na kankare gurnanin da reza,
na bar gurbin fari fat.
Na kuma saci wuri a ƙasan shafi,
ɗan akwati da bai kai kwalin ashana ba:
dodo na nutsewa, ruwa ya kai masa haɓa,
idonsa ɗaya da ya rage ba ya kan jaruma,
yana can kan tudu, yana ƙirga tagogi.

Don Nicanor ya kira daga maɗaba'a:
"Dodo ba ya kallon taga, Leontina."
Na ce masa tawada ta bushe.
Ya yi tsaki, ya buga dubu uku.

Ranar Alhamis, a rumfar jaridun Herminia,
yara biyu sun haɗa kai kan shafin ƙarshe,
hannunsu duk maiƙon soyayyen kifi.
Ƙaramin ya ce, "Me yake nema a can sama?"
Babban ya ɗaga kafaɗa:
"Oho. Ai zai dawo a ta ashirin.
Irinsu kullum suna dawowa."

Na sayi burodi, na hau matakala ɗari da sittin,
gwiwata na ƙara a kowace ta goma.
Evaristo ya turo saƙo, ban buɗe ba.
Na wanke alƙalami, na matso da fitila bakin taga,
ta fuskar teku,
na kwanta ban kashe ta ba.