Buhu Ɗari Uku

Buhu ɗari uku suka bar Marwa ran Talata,
albasa ja, tana sheƙi kamar an shafa mata mai.
Saba'in kaɗai suka ga kasuwar Duwala.
Sauran ƙuda ya saye, bai biya ko sisi ba.

Alhaji Tanimu ya doka sanda a ƙasa:
"Malam, buɗe littafi ka rubuta,
Njidda direba ne ya kashe mu.
A yi ta yankar albashinsa har ya yi furfura."
Njidda na tsaye, hula a hannu,
baƙin mai bai fita daga farcensa ba.
Bai ce uffan ba.

Na ɗaga biro, biro ya ƙi ni.
Na ce, "Alhaji, ara mini kwana uku,
ruwa ba ya tsami banza."

Na je Miskin, gonar Bappa Sali.
Laka ta faɗi abin da bakinsa ya ɓoye:
ya yi ban-ruwa ana jibi za a cire,
don kai ya kumbura, buhu ya cika da wuri.
Wuyanta bai bushe ba aka ɗura ta.
Ya ce, "To wa ya turo yaro har sau huɗu,
wai farashi ya hau a kudu, in hanzarta?"

A tasha masu lodi suka nuna mini buhun leda,
wanda ba ya barin iska ta gaida kaya.
Na algarara, an ce, ya yi tsada bana.

Bakanike ya ciro faifan kuloci daga kwandon shara,
ya sha ƙasa kamar tsohon takalmi.
"Tun watan jiya Njidda ke roƙon a canza.
Aka ce ya lallaɓa."
Ya lallaɓa har hawan Ngaundare,
nan mota ta durƙusa kamar raƙumi,
kwana uku, sama na zuba.

Njidda ma yana da nasa.
Ya kwana a Garwa, an yi masa haihuwa.
Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.
Dare ɗaya ne, na rubuta dare ɗaya.

Saura tampol.
Nan ƙafata ta yi nauyi.
Sefa dubu arba'in aka ba ni in sayo sabo,
na sayo kwance a rabin kuɗi,
ragowar ta tafi makarantar Asabe,
da niyyar in mayar ƙarshen wata.
Ta hujin da na gani na kau da kai
ruwan ya bi ya iske albasa.

Laifi tudu ne, na sani tun ina yaro,
ban san ina tsaye a kan nawa ba
sai da na sunkuya.

Na ja layi biyar a shafi,
ba duka tsawonsu ɗaya ba.
Na manomi, na Njidda, nawa,
na sama da ba a kai ta ƙara,
sai mafi tsawo, mai sunan gaggawa,
shi na tura gaban Alhaji.

Ya karanta. Ya cire tabarau ya goge.
Carbi ya zaga hannunsa sau biyu.
"Kai ma ka sa kanka?"
Na ce, "Na sa."
Ya daɗe yana kallon ƙofa,
sannan ya ce da Njidda, "Sa hularka.
Nawa ne kulocin?"