Sha Shida

In an rufe sito bayan isha,
na gama ƙirga buhunan albasar Alhaji Mumuni,
Kejetiya ta kwashe hayaniyarta ta tafi gida,
sai in hau benci a soron gidanmu na Aboabo
in buɗe waya.

Teburin kore ne.
Mai rabon karta wata mace ce a ƙasa mai sanyi,
tana yi wa kowa murmushi,
ba ta san sunana Mutala ba.

Hannu uku nake shimfiɗawa.
Allah ya ba ni biyu, waya ta ara mini na uku.

Ni ba ɗan caca ba ne, haka nake gaya wa sauro.
Ɗan caca zuciya yake bi,
ni kuwa jadawali nake bi,
wanda na kwafa da jan biro a bayan tsohon rasit:
takwas biyu, raba su.
Goma biyu, kar ka taɓa, ba a rushe ginin da ya tsaya.
Sha ɗaya, ninka kuɗi.
In ta nuna shida, naɗe hannu,
bar ta ta ɗauki abin da zai karya ta.
In ta yi maka tayin inshora, kau da kai.

Jarina sidi ɗari biyu ne duk wata,
ba na abinci ba, ba na haya ba.
Sidi biyu kowane hannu.
In talatin ta tafi, dare ya ƙare.
Wannan doka ni na yanka wa kaina,
shi ya sa ta fi ta kowa ciwo.

Amma abin da rasit bai faɗa ba:
hannu uku ba ƙofa uku ba ce.
Rumfa uku ce, jinka ɗaya.
In ta juyo sarki a kan ɗaya,
ruwa guda ke dukan mu duka.

Gidan ba ya fashi.
Ɓera ne mai ladabi,
ƙwaya ɗaya yake ɗauka cikin mudu,
amma bai taɓa fashin zuwa ba.
Ni da nake rubuta asarar albasar wani
na rubuta tawa a shafin ƙarshe:
wata huɗu, an ci ni ɗari uku da goma.
Daidai takalmin makarantar Zuleha,
har da safa.

Daren jiya talatin ta tafi tun ƙarfe sha ɗaya.
Fuseina ta leƙo da zani a ƙirji:
"Har yanzu lissafin ne?"
Na ce lissafin ne.
Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba,
harshe ya san wannan lungun.

Ta koma. Wuta ta ɗauke.
Sai ni da hasken waya,
da dubu tara na Alhaji
da direban Boku ya turo da magariba,
suna kwance a wayar nan,
tsakaninsu da teburin kore
faɗin babban yatsa.

Sha shida ke nan, tana nuna goma.
In ka ja, ka ƙone.
In ka tsaya, an ci ka.
Na duba rasit gaba da baya,
jan biro bai ce komai ba.

Na kifa wayar a kan benci.
Hasken ya riƙa tsiyaya ta gefe
kamar ruwa a ƙarƙashin ƙofa.
Na zauna a kan hannuwana, biyun da na zo da su,
har mai koko ta fara hura wuta,
har ladan ya gyara murya.

Da safe na kai wa Alhaji kuɗinsa cif.
Ya ce, "Mutala, idonka ya yi ja."
Na ce albasa ce.